Ranar da Kawu Nomau Ya Cire wa Inna Ido

Ku da kunka san Kawu Nomau, kun san yatsunshi ke fara amsa sallama kafin bakinshi. In ka shiga gidanshi can unguwar Zariya ta Maradi da wani abu saƙaƙƙe a jikinka, hula ce, rigar sanyi ce, ko safar jaririn da matarka ta goyo, to kafin ka ƙarasa "salamu alaikum" hannu ya riga ya iso. Ya kama bakin abin, ya murza, ya juya ciki waje, ya tura gilashi bisa goshi, ya kawo shi daf da hanci kamar mai tayin turare. Sannan ya sauke numfashi irin na lokotoron asibiti da ya ga abin da ba ya son faɗi, ya ce, "Wa alaikumus salam. Wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Ni Lawali, ɗan ƙanwarshi, na sha tambayar ga har na ƙoshi.

Ga yaran da sunka taso daga baya: e, namiji ne, da gemunshi da carbinshi, kuma saƙa shike yi, tsinke biyu a hannu, tsakiyar fada, majalisar hirar maza, ana zuba shayi. Planto ya yi, wato ɗan aike, a wani biro, ofis ke nan, shekara da shekaru bisa benci guda bakin ƙofa, shina jiran a ce "Nomau, zo." Wata sakatariya da ke saƙa in aiki ya lafa, ita ya riƙa leƙe har hannunshi ya ɗauka. Tsinkenshi na farko da wayar ƙafar keke ya yi shi. Ranar da ya ajiye aiki, abin da ya fito da shi daga biron nan biyu ne: saƙa da ciwon baya.

Sabon zare kuwa? Haba! Bai san hanyar butik ɗin da ake saida shi ba. Tulin tsofaffin kayan bosho, gwanjo ke nan, shike bi a kasuwa, ya zaro rigar sanyin da wani Bature ya gaji da ita, ya zo gida ya warware ta tas. Akwai wani jan zare da na sani tun ina lakwal, ɗan makarantar boko. Ya yi hula, ya yi safa, ya yi rigar jariri, ya sake komawa hula. Wallahi zaren ga ya fi wasu dattawa ganin rayuwa.

Ni kuma kun san ƙafata ba ta zama. Kamiyo, babbar motar kayan da nake tuƙawa, ya kai ni Kwatano, ya kai ni Lome, ya kai ni Agadas, har can Tamanrasat. Daga can ne na taɓa kawo mishi tsarabar mayafin wuya, mai laushi kamar cikin kyanwa. Na miƙa da hannu biyu ina jiran albarka. Ya kama baki, ya murza.

"Wa ya yi?"

"Masin ce, Kawu. Inji."

"Shi ya sa. Ba tarbiyya."

Kafin a sauke shayi na biyu, rabin tsarabata ta koma ƙwallon zare. Da zafi ya kai zafi, irin wanda gudron, kwaltar titi, ke kama takalmi, sai ga shi ya aiko a kira ni. Hula ya yi mini da ita. Ya tsaya sai da na sa, gumi na shiga mini kunne, ya ja da baya ya dube ni, ya ce, "Yawwa. Yanzu tsarabarka ta yi kyau. Na gode."

To bari in yi wa maza bayani, don na ga wasu sun fara kallon juna. A saƙar tsinke biyu, kowane ɗan zoben zare da ke rataye bisa tsinke, ido sunanshi. Ka bi idanun ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ka yi layi ke nan, sai ka juya ka dawo. Gefen saƙar kuma, dama da hagu, shi ake ce wa baki. Duk rigimar duniyar ga, a wurin Kawu, bisa abu guda take: mi za ka yi da idon farko na kowane layi?

Shi dai ba ya saƙa shi. Ɗauke shi shike yi a hankali ya aje bisa ɗaya tsinken, ya wuce na biyu. Bakin sai ya fito sumul, kamar kitson amarya.

"Kai direba ne," ya ce mini. "In ka sha kwana, nan take kake taka mota?"

"A'a, Kawu."

"To shi ma idon ga yanzu ya sha kwana. A bar shi ya dawo hayyacinshi."

Matarshi, Inna Cima, shi ya koya mata saƙa tun tana amarya, kuma ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Amma ita idon farko saƙa shi take yi, ta ja zare ta danne shi da ƙarfi. Bakinta sai ya fito da 'yan ƙulle-ƙulle kamar tsabar hatsi, ba ado, sai dai ko akuya ta ja ba ya sakin jiki.

"Duk ido ido ne," in ji ta. "Ka bar na farko ya huta yau, gobe na biyu ya ce shi ma ya gaji."

Tun kafin a haife ni suke wannan musun. Da shi suke karyawa, da shi suke cin tuwo. Kowa ya ɗauka wasa ne, har ranar da idon ga guda ya kusa raba auren da ya girme ni.

Ɗiyarsu Balki ce ke da cikin fari, bayan an daɗe ana roƙon Allah. Inna ta ce bargon jikanta ita za ta saƙa shi da hannunta, kar wanda ya sa mata hannu. Ta yi nisa, ya kai a rufe yaro har ƙirji. Kawu na zaune gefe shina kallon ƙulle-ƙullen nan suna ƙaruwa, shina haɗiyar miyau kamar mai azumi gaban masa. Ran nan da hantsi Inna ta fita barka maƙwabta. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da Kawu. Ya ɗauki bargon, ya zare idon farko daga tsinke, ya sake shi ya zurare har ƙasa, ya sa 'yar ƙugiyarshi ta saƙa ya sake hawo da shi irin nashi. Ya gama dama, ya koma hagu. Ya ninke, ya aje inda ya ɗauka, ya ɗauki carbi.

Inna ta dawo, ta ɗaga bargo. Ta dubi baki. Ta dubi Kawu.

"Malam, wa ya shigo gidan ga?"

"Ba kowa."

"To aljani ne ya cire mini ido?"

"In aljani ne, to mai ilimi ne. Dubi yadda ya kwanta!"

Ta shiga ɗaki, ta ƙunshe zanenta da tsinkenta da bargon, ta tare adaidaita bakin titi. Yaji! Tsohuwa da furfura, ana jiran jika. Kawu ya gaya wa maƙwabta za ta dawo kafin a kwashe tuwo. Anka kwashe tuwo a duk Zariya, ban da gidanshi.

Na sauka daga Kwatano ke nan, ko wanka ban yi ba, uwata ta ce, "Lawali, ɗauki moto, babur ɗinka, ka kai kawunka biko, kafin mutane su ji mu zama abin dariya." Na iske shi tsakar gida shi kaɗai da akuya, ya rame, shina tsoma busasshen burodi cikin shayi.

"Kawu, tashi mu tafi biko."

"Wane biko? Ni ban yi laifi ba. Amma zan je in yi musu bayani." Ya cusa tsinke da zare da ƙugiya cikin aljihun babbar riga.

Munka nufi Jiratawa, gidan yayanta Baba Mati, don can munka ɗauka ta tafi. Abin da ba mu sani ba, Inna garin Tsibiri ta nufa, wurin ƙanwarta Habsu. Kuma a safiyar nan Habsu ta kira Baba Mati a salula ta ba shi labari. Layin ba kyau, kunnen Baba Mati ya fi layin rashin kyau, Habsu kuma dariya ta hana ta ƙarasa magana. Abin da ya isa Jiratawa shi ne: Nomau ya cire wa Cima ido, ya lalata mata baki.

Mun bi gefen hanyar ruwa, ga zogala kore shar, ga albasa, ga tattasai, ina ta cewa Kawu dubi albarka. Da munka iso sai na ga taro ƙarƙashin mangwaro. Baba Mati zaune a tsakiya, idanunshi jawur. 'Ya'yanshi maza, ƙarti, tsaye bayanshi, kowa da hauya a kafaɗa, kuma ba lokacin aiki ba ne. Munka yi sallama. Wani can baya ya amsa a ciki-ciki.

"Nomau," in ji Baba Mati, "ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya. Ka cire wa ƙanwata ido?"

Kawu ya gyara zama, ya ji daɗi an zo kan magana tun da wuri.

"Na cire, Yaya."

"Da gangan?"

"Da gangan mana! Shekara da shekaru ina haƙuri da idon ga. Kullum na dube shi sai raina ya ɓaci."

Wata tsohuwa bayan darni ta saki salati.

"Wanne? Na dama ko na hagu?"

"Duka biyu. Ka gyara gefe guda ka bar guda, ai ba ka yi aiki ba."

"La'ilaha illallahu! Da mi ka cire?"

"Da 'yar ƙugiya. Ga ta ma na zo da ita." Ya sa hannu aljihu. Hauyoyi sunka sauko daga kafaɗu.

Ni fa har lokacin ban gane ba. Ina dai mamaki, ashe mutanen Jiratawa sun damu da saƙa haka?

"Bakin fa?" in ji Baba Mati, hawaye na bin gemu. "Mi bakinta ya yi maka?"

"Yaya, tsakani da Allah, kai ma ka san bakin ƙanwarka bai taɓa kyau ba. Duk ƙulle-ƙulle. Yanzu kuwa ka gan shi? Sumul! Duk wanda ya gani sai ya so ya shafa. Kuma ina gaya maka gaban 'ya'yanka, in ta koma halinta, gobe ma in sake."

Babban ɗan Baba Mati ya yi wani irin gurnani ya tako. A nan ne kaina ya buɗe. Jama'a, na tsaya gaban masu bindiga a iyakoki iri-iri, birki ya taɓa ɗauke mini bisa gangara da lodin siminti, amma ban taɓa gudun da na yi tsakanin moto da mangwaron nan ba. Na faɗa tsakiya, hannuwa sama.

"Bargo ne! Bargo! Idon saƙa! Bakin bargo! Inna lafiyarta lau, idonta biyu, bakinta na aiki, wallahi fiye da da!"

Babban ɗan ya tsaya cak. Sai kukan injin ban-ruwa can nesa.

Kawu ne ya fara magana, kuma shi ne ma ya fi kowa fushi.

"Tsaya! Wai nufinku idon da take gani da shi? Ni? Haba, Yaya! In na cire shi, wa zai riƙa zura mini zare a allura?"

Baba Mati ya share fuska da hannun riga. Ya ce tun safe bai sa komi a cikinshi ba, ya riga ya aika a nemo motar da za ta kai ta likita. Ya dubi Kawu ya daɗe, ya ce, "Nomau, tun ranar da munka ba ka ita na san akwai abin da ke damunka, ban dai san sunanshi ba. Nuna mini idon."

Abin da Kawu ke jira ke nan. Ya zaro tsinke, ya ɗora idanu, ya saƙa 'yan layuka irin nashi, ya saƙa irin na Inna shina yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Ƙartin nan sunka aje hauyoyi sunka kewaye shi. Baba Mati ya karɓa, ya ja wannan baki, ya ja wancan, ya gwada da haƙori.

"Naka ya fi kyan gani," ya ce.

Kawu ya dube ni, ya ɗaga gira.

"Amma mu nan, in ka sako ruwa cikin fangali ba ka danne bakin ba, gonar maƙwabci ka shayar. Ƙanwata ta fi ka gaskiya."

"Yaya, bargo ba fangali ba ne!"

"Jariri ba ya sakin ruwa?"

Babban ɗan, wanda ɗazu ya so raba Kawu da kanshi, sai ya ce shi kam a ganinshi na Kawu ya fi tsari. Ƙanenshi ya ce ƙarya ne. Muna barin Jiratawa ana nuna wa juna yatsa ƙarƙashin mangwaro, mutanen da ko tsinke ba su taɓa riƙewa ba.

Baba Mati ya ce shi bai yarda da kowa ba sai ya ƙirga idon ƙanwarshi da kanshi. Haka munka hau moto mu uku, da damin zogala, ni gaba bisa tanki, munka ratsa Maradi, tsofaffi biyu na musu ta bisa kaina har Tsibiri.

Habsu ce ta tarbe mu a zaure, ta riƙe ciki.

"A'a! Mijina mai ƙugiya! Ku rufe idanunku, ga shi nan ya iso!"

"Ke Habsu, Allah ya shirye ki," in ji Baba Mati. "Kin kusa sa a yi gawa a Jiratawa."

"Yaya, ni abin da anka gaya mini na faɗi. Ban ƙara ko gishiri ba."

Inna na zaune bisa tabarma a inuwar bedi, bargo bisa cinya. Ta riga ta zurare gyaran Kawu ta maida ƙulle-ƙullenta, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɓace. Baba Mati ya duƙa ya leƙa fuskarta, ya ce alhamdu lillahi, ya nemi fura. Kawu ya tsuguna nesa kaɗan, idonshi bisa bakin bargon, leɓenshi na motsi.

Ni ne ɗan biko, sai na fara. Inna a yi haƙuri, zaman tare, girma, jika na hanya, mutane za su ji.

"Lawali, rufe mini baki," ta ce. Habsu ta sake fashewa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta juya wurin yayanta. "Yaya, ba zare ne ya kawo ni nan ba. Tun ina yarinya nake gidan mutumen ga. Ya ce miyata gishiri, na yi shiru. Ya ce shimfiɗata ta karkace, na yi shiru. Abu guda na ce nawa ne, na jikana, da hannuna. Ya jira na juya baya. In abin da na yi sai an bi baya an gyara, to mi nake yi a gidan?"

Nan fa dariya ta ɗauke. Har Habsu ta sunkuyar da kai.

Inna ta miƙa mishi tsinken da bargon.

"Layi guda. Ka saƙa idon farko, ka danne shi, gaban yayana. In ka yi, in ɗauki ƙunshina mu tafi. In ba ka yi ba, Habsu na da ɗaki."

"Ina da shi," in ji Habsu, "har da gado."

Kawu ya karɓa. Ya yi bisimilla. Ya sa tsinke cikin idon farko, ya ɗauko zare zai naɗa, sai kawai munka ga idon ya sulale ya koma ɗaya tsinken, ba a saƙa ba.

"Ka gani ko!" in ji Inna.

"Ba ni ba ne! Hannun ne!"

Ya maida, ya sake. Ido ya sake tsallakewa. Baba Mati ya aje ƙwaryar fura ya zo ya riƙe mishi gwiwar hannu. Habsu ta riƙe zaren. Ni ina ba da umarni kamar ana juya kamiyo a lungu: "A hankali, Kawu! Dama kaɗan! Shiga! Naɗa! Naɗa mana!" Gumi ya jiƙe mishi riga. Yatsun nan da ke saƙa ido rufe sunka sandare kamar na gawa. Anka kira la'asar, munka je munka yi salla, na ji shi a sujada ya daɗe fiye da kowa. Munka dawo. Ya sake ɗauka, ya kai tsinke bakin idon, ya tsaya.

Sai ya aje bargon bisa gwiwa, ya cire gilashi.

"Ba zan iya ba," ya ce, a hankali, ba irin muryarshi ta fada ba. "In na danne shi, na ce miki na yarda ke nan, kuma ban yarda ba. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba. Taɓa miki kaya da na yi, wannan ban kyauta ba, na sani tun ina cikin yi. Amma ke, tun da kinka tafi, duk abin da na faɗi a gidan nan ba mai ce mini ƙarya ne. Na yi wa akuya bayanin idon farko, ta yarda. Nan take ta yarda! Gidan ba ya zaunuwa."

Ni dai na ce a raina shi ke nan, mun yi asarar mai, mun yi asarar Inna.

Inna ta miƙa hannu. Sannan ta ce, "Kawo nan."

Ta karɓa, ta saƙa idon farko, ta ja zare ta danne shi har sai da Kawu ya runtse ido. Ta bi layin fyu har ƙarshe. Ta juya bargon, ta miƙa mishi.

"Na kai shi. Kai dawo da shi. Gefen da nake farawa nawa ne, gefen da kake farawa naka ne, ka yi shirmenka a can. Ba mai taɓa na wani. Ka sake kai ƙugiya gefena, Tsibiri ba ta da nisa."

Kawu ya maida gilashi. Ya ɗauke idon farko ya aje shi bisa tsinke kamar mai kwantar da jariri, ya saƙo layin har gida, ya miƙa mata.

"Kin ja zaren da yawa," ya ce.

"Ƙarya kake."

Wallahi sai da na ga haƙoranshi na ƙarshe. Tun da nake ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin a ƙaryata shi haka ba.

Inna ta ce ita ba ta hawa moto da mahaukata, anka nemo adaidaita. Ina binsu a baya da Baba Mati, ina hango bargo na wucewa daga hannu zuwa hannu, ana faɗa, har Zariya.

To amma fa hannu biyu ba ɗaya ba ne, baki biyu ma haka. Gefen Inna a ɗaure, gefen Kawu a sake. Da bargon ya ƙare anka shimfiɗa shi, sai ga shi ya lanƙwashe kamar lauje. Balki ta juya shi ta nan, ta juya ta can, ta ce, "Baba, ta ina ake sa yaro?"

"A karkace za ki kwantar da shi," in ji Kawu. "Yaro ne, zai saba."

Ya kuwa saba. Ku je ku gani, yaron ga ya shiga lakwal yanzu, kuma har yau in ya yi barci kamar jinjirin wata shike kwanciya.

Daga ranar nan duk abin da ya fito daga gidan a lanƙwashe shike fitowa. Mayafin wuyansu ba sai ka naɗa ba, da kanshi shike zagaye wuya. 'Yan kabu-kabu sunka gano haka, sunka riƙa zuwa nema in sanyi ya shigo. Kawu ya ce ai da ma shi ya tsara abin tun farko. Inna ta ce Allah na jinshi. Kullum bayan la'asar tabarma guda, kafaɗa da kafaɗa, tsinke na tafiya shina dawowa.

"Karɓi, sarkin hutu."

"Kawo, uwar ƙulli. Wayyo, dubi yadda ta shaƙe bawan Allah!"

"Gefenka ne?"

"Ba gefena ba ne, amma ina da tausayi."

Ko baƙo ya zo ba su fasawa. Ko fushi suke da juna sai an zauna, don ba mai iya gama layi biyu shi kaɗai.

Bara, da sanyi, ciwo ya kwantar da shi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinshi. Ina hanyar Gaya labari ya iske ni, ban samu jana'iza ba. Da na iso na shiga gaida Inna. Na iske ta bisa tabarmar nan, cikin takaba, tana saƙa wata 'yar riga da sunka fara tare. Tana tambayata hanya, ya Kwatano, ya ruwan teku, har yanzu da gishiri? Ina ba ta amsa, hannunta na tafiya. Ta kai ƙarshen layi, ta juya saƙar, ta miƙa ta gefen damarta ba tare da ta duba ba, tana ci gaba da yi mini magana.

Hannun ya tsaya a iska. Maganar ma ta tsaya.

Ta jawo shi a hankali ta aje bisa cinya. Ta daɗe tana kallon idon farkon nan. Ni kuma na rasa inda zan sa nawa idon, sai na kama kallon akuya. Can na ga ta sa tsinke, ta ɗauke shi, ta aje bisa ɗayan, ba ta saƙa ba. Ta wuce na biyu.

Ta ɗago ta ga ina kallo.

"Kar ka je kana gaya wa mutane na yarda," ta ce. "Ban yarda ba. Shirme ne. Gefenshi ne kawai."

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe mishi abin da munka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata mishi makwanci, ya sanyaya shi. Allah ya ba Inna haƙuri da tsawon rai mai lafiya. In lokaci ya yi, ya haɗa su a inuwa guda cikin Aljanna, kusa da juna, inda za ta ji abin da ya ce ta ba shi amsa. Mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.